Turmin da Ya Je Kasuwa

Ku ukun nan da na haifa, na san abin da ake faɗa muku a kaina tun kuna ƙanana, domin ko a gabana an faɗa. An ce uwarku ta taɓa ɗora turmin gidan mijinta a baro, ta kai shi tsakiyar kasuwar Suleja, ta yar da mayafi ta yi ta daka a ƙofar shagon wani Ibo, kiɗa na tashi, jama'a na kallo. To, ban zauna rubutun nan don in ƙaryata ba. An yi haka, sai dai mayafin ne ban yar ba, ɗamara na yi da shi. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne dalili, kuma masu ba da labarin ba su taɓa damuwa da su tambaye ni ba. Ku biyu mata a ɗakina kuka tashi, kun ga abin da kuka gani. Babbanku ne ya tashi a wani hannu, kuma shi ne har yau yake gaishe ni kamar mai gaida maƙwabciya. Saboda shi na fi yin rubutun nan.

Mahaifinku Ɗanlami gyaran rediyo yake yi, kuma yana da kayan sauti da yake kaiwa gidajen biki da suna: manyan sifiku biyu da ya haɗa da hannunsa, da amfilifa, da dek na kaset. Yana da wata al'ada da unguwa duka ta san shi da ita. Duk abin da ya gyara, da kiɗa ɗaya yake gwada shi, wani kiɗan jita na mutanen Kwango wanda ba mai jin abin da suke faɗa. Babbanku tun yana rarrafe yake kwana a kan bencin shagon da wannan kiɗa a kunnensa, har ta kai in yana rigima sai ubansa ya kunna masa, ya yi lamo. Da Allah ya yi wa Ɗanlami rasuwa, na yi takaba a gidansu na gado a unguwar Hashimi, inda yayansa Alhaji Sani ne babba, mai tifofi da ke kai yashi Abuja. Yaya nake ce masa. Mahaifiyarsu, Inna, tana da rai a lokacin. Ranar rabon gado Yaya ya so a sayar da kayan sautin, ni kuwa na roƙi a bar su a kasona da na yara. Ya yi dariya ya amince, a tunaninsa kwana biyu zan gaji da share musu ƙura.

Bai san shekarun da na yi ina riƙe wa ƙanensa waya yana liƙi da dalma ba a banza na yi su ba. Na fara kai kayan bikin mata, kuma nan da nan na gane akwai gurbin da ba wanda ya cike. In namiji ne ke kula da kiɗa a tsakar gida, rabin mata a ɗaki suke ƙarewa, masu fitowa kuma lulluɓe, rawar ma kamar ana yi wa mutum dole. In ni ce, sai a rufe ƙofar zaure, tsofaffi su ajiye mayafi, ki ga matar liman tana juyi. Ba na riƙe makirfo, ba na kiran sunan kowa, ban yarda a yi mini liƙi ba, don kar a ce matar Ɗanlami ta zama zabiya. Yaya ya kau da kai bisa sharaɗi ɗaya da ya aiko matarsa ta faɗa mini: kada a gan ni. Daga cikin gida zuwa cikin gida, shi ke nan. Na riƙe sharaɗin nan da gaskiya.

Kaset ne ya fara cin amanata. Ana tsakiyar rawa waƙa ta ƙare, sai in tsaya ina juya wani da biro ina laluben inda ake so, mata sun yi cirko-cirko suna jira. In janareta ya yi sanyi, muryar mawaƙi ta koma kamar mai hamma. Wata rana kuma dek ɗin ya cinye zaren kaset ɗin nan na Kwango, ya tattauna shi yadda ba ya ɗinkuwa. A gidan mutane nake, amma sai da na shiga bayan gida na yi kuka. A shekarun nan ne, sojoji na shirin miƙa mulki, samarin Abuja masu kiran kansu dije suka fara shigowa Suleja da faifan sidi. Kiɗansu ba ya yankewa, waƙa na shiga cikin waƙa. 'Yan matan amarya, musamman masu zuwa aiki Abuja, suka fara matsa wa iyaye a kira su, iyaye kuma suka fara sassautawa suna barin maza a tsakar gida. Na ga aikina yana zamewa daga hannuna ina kallo.

Akwai malamar firamare da ke koyar da ku mata, Rifkatu, mutuniyar Filato, wadda muka saba har ta zama ƙawa. Ita ta ba ni aron injin sidi na falonta da faifai kaɗan, na tafi da shi wani biki a Diko ina ji da kaina. Na ajiye shi a kan tebur, na kunna, sauti ya fito tas, mata suka yi guɗa. Can gefe kuwa dangin ango sun kafa turmi za su yi dakan fura. Taɓarya ta farko na sauka, waƙa ta yi tsalle. Da suka shiga lugude, sai mawaƙin ya kama kalma ɗaya yana ta maimaitawa kamar mai in'ina. Gida ya kwashe da dariya, wata tsohuwa ta ce a ba shi ruwa ya sha ko harshensa zai sake. Na koma kaset jikina a sanyaye, kuma kafin in dawo Suleja suna ya riga ni isowa: Binta Mai-in'ina.

Rifkatu ta ce laifin ba na sidi ba ne, na falo ne, akwai irin na masu sana'a. Na sayar da jerena na aure, kwanukan da uwata ta tara mini, na ce ta raka ni wurin wani ɗan cocinsu mai shagon kayan wuta a babbar kasuwa, Oga Sande. Ya fito mana da inji uku. Na farko fari ne mai sheƙi, fitilu na gudu a goshinsa, yana ɗaukar faifai uku a tire ɗaya. Shi Rifkatu ta so. Na biyu ɗan madaidaici ne, sabo a kwali. Na uku tokumbo ne, wato na hannu daga waje, baƙi, mummuna, gefensa duk ƙarce, kashi biyu da waya a tsakani, nauyi kamar dutsen niƙa. Shi ne kuma ya fi su tsada nesa ba kusa ba. Oga Sande ya ce yana da aljihu biyu na sa faifai, ɗaya na kiɗa kina shirya ɗayan da abin kunne. Akwai maɓallin da in kin ɗana shi a wuri, kina taɓawa waƙa za ta tashi daga daidai nan. Akwai wani ɗan abin ja, in kin yi gefe ɗaya kiɗa ya ƙara sauri, in kin yi ɗaya gefen ya lafa. Sannan ya ce injin yana haddace abin da ke gaba kafin ya faɗa, kamar ɗalibi mai hadda, don haka ko an girgiza shi ba ya rasa wurinsa. Ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa don in gani. Sai dai da na ce ya ƙwanƙwasa wa sauran biyun, su ma ba su yi tsalle ba.

Na ce masa yatsa ba ya zuwa biki, ya ba ni su in gwada a gida. Ya ce kaya ba ya fita shago sai an saya, in kuma an saya ba ya dawowa.

"Hajiya, dis wan na orijina," ya ce, yana cakuɗa Turancin kasuwa da Hausa. "Ko giwa ya yi rawa, ba zai tsalle ba, walahi."

"To, tunda ba za su je biki ba, bikin zai zo musu," na ce. "Ka jira ni gobe da hantsi."

Jerena guda na sayar, ba ni da wani da zan sake sayarwa in na yi zaɓen banza, kuma ban shirya komawa Mai-in'ina a karo na biyu ba. Washegari na sa mai baro ya ɗauki turmin Inna, tsohon turmi na kirya da aka kawo ta da shi gidan, da taɓare uku. Na zaɓe shi ne don ya fi na kowa nauyi, in ana daka a cikinsa har a ɗaki kina ji a tafin ƙafa. Na sayi dawa a hanya, tunda ba a dakan turmi wayam. Oga Sande ya ga baro ya tsaya a ƙofarsa, ya riƙe ƙugu yana dariya, amma bai hana ba. Muka jera injin uku a benci ɗaya a bakin shago. Ina cikin tona faifan da za a gwada da shi, Oga Sande ya saka wani nasa, ya ce wannan yana tafiya a kasuwa. Jita ta farko na tashi na gane shi. Kiɗan Ɗanlami ne, wanda na ɗauka ya tafi ke nan.

Na yi ɗamara na ɗaga taɓarya. Mai fitilu bai jure saukar farko ba, ya yi tsalle ya koma baya. Na biyun ya daure mini ni kaɗai, amma da Rifkatu ta ɗauki taɓarya, wata Bagwariya mai sayar da doya ta ga abin ya ba ta sha'awa ta ɗauki ta uku, muka shiga lugude, sai ya kama in'ina irin ta Diko. Aka sa baƙin. Muka yi ta zuba masa, benci na rawa, kwalaye na faɗowa daga kanta, shi kuwa ko gezau. Oga Sande ya ɗan taɓa abin jan nan har kiɗan ya hau kan bugun taɓarenmu daidai, kamar tare aka yi su. Gwaji ya riga ya ƙare tun tuni, na sani, amma ban tsaya ba sai da waƙar ta kai ƙarshe, don na yi kewarta. Da na ɗago, kasuwa ta yi mana zobe, har da masu tafi. A cikinsu akwai direban tifar Yaya. Na biya kuɗin baƙin, na haɗa da faifan, na koma gida.

Bayan la'asar Yaya ya shigo tsakar gida, abin da ba ya yi sai da dalili, ya sa aka kira ni. Na durƙusa. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, babbanku na tsaye a bayanta da kayan makarantar Islamiyya. Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce sharaɗi ɗaya ya ba ni na karya shi a gaban gari duka, har da turmin uwarsa. Ya ce in mayar da injin ko in jefar, a kulle sauran kayan, shi zai ciyar da mu kamar yadda ya kamata tun farko. In kuwa kiɗa na zaɓa, to ba a gidan nan ba.

"Yaya, aikin ƙanenka ne nake yi," na ce. "Ban taɓa jin wanda ya kira shi abin kunya ba lokacin da yake yi."

"Shi namiji ne. Ki ba ni amsa, injin ko gidan?"

"Injin ba zai koma ba."

"To, ki tafi da matan. Yaron nan a gidan ubansa zai zauna."

Nan ne wurin da ake yanke labarin a ba ku. Ana ce muku da ya faɗi haka ban ce uffan ba, ko kallon yaron ban yi ba, na tashi na kama haɗa kaya. Shi ma babbanku haka ya faɗa wa ƙannensa, cewa ko kallonsa ban yi ba. Gaskiya ne, kuma ku 'yan yanzu da kuke ɗora 'ya'yanku a cinya a gaban surukai kuna kiran sunansu ba za ku gane ba sai an yi muku bayani. Ɗan fari ne. A yadda aka rene ni, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta tsaya a gaban yayan mijinta da uwar mijinta tana jayayya a kansa. Tun da na haife shi sunansa bai taɓa fita bakina ba. Da na buɗe baki a ranar, da an ce ga shi nan, dama mun faɗa, kunya ta ƙare mata gaba ɗaya. Kuma da na kalle shi, na san kaina, da ban iya tashi daga durƙuson nan ba.

Za ku ce ai da sai in ajiye injin. Na auna wannan a durƙushe, ba daga baya ba. Shi namiji ne kuma jinin gidan, ko ina nan ko ba na nan za a ciyar da shi a sa shi makaranta. Ni da ku mata biyu kuwa da mun koma masu jiran a auno mana, duk abin da za ku sa a baki ko a jiki sai an ga dama. Na ɗanɗani wannan zama a watannin takaba, na san ɗacinsa. Kuma na san in na mayar da inji yau saboda an ga fuskata a kasuwa, gobe akwai wani abin da za a ce in mayar. Ban yi sata ba, ban bi namiji ba, dawa na daka da rana tsaka don in san abin da nake saya. In za a dawo da ni ƙofar shagon nan yau, zan sake ɗaga taɓaryar.

Yaya ya ƙara da cewa turmin da ya je kasuwa ba za a sake daka abincin gidansa a ciki ba, a fitar da shi. Inna ta bari sai da ya juya baya, sannan ta ce da ni a hankali in ɗauka, ya zama nawa. Da shi na tare a ɗakin hayar da Rifkatu ta samo mana a gidansu, can bayan tasha, cikin ma'aikata da malamai 'yan Binuwai da Filato. Na kife shi na ɗora katako, ya zama teburin injin. Duk bikin da na je bayan nan a kansa injin yake zama, kuma matan da suka yi mini dariya a Diko su ne suka fara aiko a kira ni. Waƙoƙinmu na Hausa a kaset suka ci gaba da zuwa, sauran a faifai, ina haɗa su kiɗa ba ya yankewa. Da wannan turmi da wannan baƙin inji kuka yi karatu ku biyun.

An hana ni wuce zauren gidan Hashimi, shi kuma an hana shi zuwa wurina sai da salla, ya zo ya zauna a bakin tabarma yana kallon ƙasa, ni ma ina kallon ƙasa. To, ga abin da ba wanda ya sani. Daga shekarar nan, ba a yi biki ko suna a unguwar Hashimi an kira ni na ƙi ba, ko da na talaka ne wanda abinci kawai za a ba ni. Na sha barin babban aiki a Sabon Wuse saboda ƙaramin suna a bayan gidan Yaya, har ku kuna yi mini mita. In na je, sifika ɗaya nake juyawa tsakar gida, ɗayar in ɗora ta a kan katanga tana fuskantar gidan. Kuma kowace rana da kiɗa ɗaya nake buɗewa, na Kwango. Mata suka ɗauka camfi ne irin na masu sana'a, na bar su a haka.

Wata yamma ana suna a wani gida a lungun gidan Yaya, an rufe ƙofar langa-langa saboda maza, na ɗana faifan na taɓa maɓalli. A gefe ana lugude, ƙasa na motsi. Ta ƙasan ƙofar nan, inda akwai 'yar tazara, na hango ƙafafu biyu sun tsaya, da silifas shuɗi wanda ni na ɗaure igiyarsa da wayar rediyo kafin in bar gidan. Ba su shigo ba, ba su wuce ba. Na miƙa hannu na ja ɗan abin jan nan har ƙarshensa, kiɗan ya lafa, don ya ɗan ƙara daɗewa. 'Yan mata suka fara ƙorafi.

"Anti Binta, wannan kiɗan ya yi sulo fa, a ƙara masa wuta mana."

"Haka nake so," na ce.

Da ya ƙare na sake taɓa maɓalli ya tashi daga farko, ƙafafun suna nan har ya sake ƙarewa. A ranar na gode wa Allah da ban ɗauki mai fitilu ba. Da shi ne, da taɓaren nan sun sa ya yi in'ina, ni kuwa baki ɗaya ke nan da ya rage mini wanda zan yi wa yaron nan magana da shi ba a ce na yi rashin kunya ba.

Inna ta rasu, Yaya ya rasu, Allah ya jiƙansu, ban riƙe su da komai ba, amma ban kuma janye ko kalma ɗaya ba. Turmin yana nan a kife a ɗakina, injin na kansa, aljihu ɗaya ya daina buɗewa amma ɗayan yana aiki, faifan kuma yana ciki. Yanzu ba sauran wanda zan ji kunyarsa, kuma hannu ne ke rubutu ba baki ba. Kabiru, an ce maka na zaɓi inji na bar ka. Silifas ɗinka na gani a ƙasan ƙofar nan, kuma duk kiɗan farko da ka taɓa ji ta saman katanga, kai nake kira.